Lallen Surayya Bai Fita Rana Ba

Surayya ɗiyar Malam Abdulgani ce, a nan Gwandu, gidansu yana kallon namu. Tare muka shiga firamare. Ni na tsaya a sakandare na kama ɗinki, ita ta wuce jami'ar Kalgo tana karatun kwamfuta. Tun tana 'yar shekara goma take yi wa mata lalle, kuma ko a cikin taro aka ga zanenta sai an gane shi, don layinta siriri ne, furenta ba ya rufe baki.

Da sikila aka haife ta. Tana aji uku a jami'a ciwon ya ci mata ƙashin ƙugu, aka dawo da ita gida a kwance. Daga nan duniyarta ta koma ɗaki guda: katifa, 'yar taga mai kallon katangar maƙwabta, da kwamfutarta a kan matashi. Zaman lalle ya gagare ta. Mata suka riƙa zuwa gaisuwa, daga baya ƙafa ta ɗauke.

Sai ta ce za ta saka lallenta cikin waya. Mace ta ɗora kyamara a kan hannunta, ta ga zanen Surayya kwance a fatarta ta cikin wayar, ko ta juya hannun zanen ya bi ta. In ya yi mata, ta kai wa mai lallen garinsu ta kwafa.

"In ni ban zuwa biki, Kulu, hannuna shi tafi," in ji ta.

Hannuna ne abin gwajinta. Ranar farko da na leƙa wayar na ce, "Wanga ai tambarin buhun taki ne aka manna mini." Ta jefe ni da matashi, ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Sannan ta sa na yi ƙunshi na gaske, kwana tara ina zuwa tana duba yadda yake koɗewa. Ta gano cewa jan lalle ba iri ɗaya ba ne: ya fi duhu a bakin yatsu, yana tsinkewa a layukan tafin hannu, gefensa kuma yana ɗan nashewa. Duk ta koya wa wayar. Ta rage kaurin launin don fata ta riƙa leƙowa ta ƙarƙashinsa. Kwamfutar tana miƙe mata layi, ita kuma ta hana ta. "Ban sa ta gyara ni ba. Rawar hannun nan ita ce ni."

Bayan wata bakwai, Innarta ta shigo da kunu, ta kalli wayar, ta kamo hannuna ta juya shi tana neman lallen. Ranar Surayya ta ci tuwo malmala guda.

Amma a hasken ɗakinta kaɗai ta san abin. In na fita tsakar gida, fatata ta yi haske, lallen ya tsaya da duhunsa na ɗaki, yana yawo sama-sama kamar ba a jikina yake ba. Na ɗauko mata hotuna da bidiyo. Ta ce ba su isa ba, sai ta ga hannu na gaske a rana da idonta, waya a gefe. Sau ɗaya yayanta Kabiru ya ɗauko ta zuwa bakin ƙofa, ciwo ya tashi, ta kwana huɗu a asibiti. Inna ta ce ba a sake ba.

Da bikin Ruƙayyatu, ƙawarta ta makaranta, ta aike ni Kalgo da wayar. A fili mata suka gwada, da tsakar rana, suka yi ta dariya. Da na dawo na ce mata an yaba.

"Ke Kulu, tun firamare ba ki iya ƙarya ba. A rana suka gwada ko?"

Na gyaɗa mata kai. Sai ta matso da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna ta tafi barka. Goya ni, ƙawata. Minti biyar. In ga abin da rana ke yi ma fata, in gyara."

"In ciwon ya tashi fa?"

"Yana tashi ko ina kwance."

Na ƙi. Na ce ta bari ta ƙara jin ƙarfi. Ba ta yi fushi ba, ta dai juya ta fuskanci bango, ta ce in rufe mata kwamfutar. Sati uku bayan nan Allah ya karɓi abarsa, ranar wata Laraba da hantsi. Allah ya jiƙanki, Surayya.

Inna ta ba ni wayar. Mata suna zuwa shagona su gwada, nakan ce su shigo ciki in saki labule, don a nan yake kyau. Ban san yadda ake gyara shi ba.

Ranar sadakar bakwai na shiga ɗakinta na auna da ƙafata, daga inda katifar take zuwa inda rana ke sauka a tsakar gida. Taku bakwai ne. Kuma ba ta da nauyi, wallahi ba ta da nauyi.