Ƙarshen fim ɗin da na kasa faɗa wa Sista Rifkatu

Labarin ya iske ni da safen nan ina tsakiyar wanke shinkafa.

Waya ta yi ƙara, na ga sunan Saratu, ɗiyar Sista Rifkatu. Ina ɗauka sai kuka nike ji. Na yi salati, na nemi turmi na zauna. Na ce, "Saratu, mi ya faru? Faɗa mani kawai."

Ta ce, "Inna, an kwance bandejin. Mama tana gani."

Alhamdulillahi.

Wanda bai san ta ba, Sista Rifkatu ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya. Mutumiyar Zuru ce, Kirista, aiki ya kawo ta ƙasarmu tun dam ɗin Goronyo yana sabo. Ta zauna Rabah, ta zauna Gandi, daga baya ta dawo nan ta yi gida, katangarmu ɗaya. Ɗiyana duka a hannunta sunka faɗo duniya. Ranar haihuwar ɗana Bashiru ruwa ya yanke hanya, ta naɗe zane ta ratso shi da ƙafa, jakarta bisa kai.

A ɗakinta akwai buta da darduma. Ba nata ba ne, nawa ne. Ita ta saye su ta ajiye, don kada La'asar ta iske ni wurinta in ce zan koma gida.

Yanar ido ce ta rufe mata gani, sannu a hankali, har ya zamo hannunta ma sai ta kai shi kusa da fuska take ganin inuwarsa. Ga ciwon suga. Likita ya gaya mata gaskiya: in ta ƙara jinkiri, sugan zai iya lalata can cikin idon, ko an cire yanar ba za ta gani ba. Ta ƙi zuwa a yi mata aikin. Yayarta ta rasa ido a hannun wani mai aikin gargajiya da ya tura mata yana da allura ranar kasuwa, ita kuma tana tsaye tana riƙe da kanta.

Na ce, "Sista, ke fa ma'aikaciyar lahiya ce. Kin san asibiti daban."

Ta ce, "Malama, kaina ya sani. Cikina ne bai yarda ba."

Abin da ya fi damunta a rashin ganin, ba girki ba ne, ba zuwa coci ba ne, waɗannan Saratu tana taimakonta. Kallo ne. Matar nan tana son fim. Ni kuwa kun san ni, makarantar allo na yi, ko talabijin ɗin gidanmu labarai kaɗai nike tsayawa in ji. Wata rana na shiga na iske ta ta kunna fim, ta karkata kunne, tana tambayar ɗaki babu kowa, "Wa ya shigo? Wa anka buga?"

Na koma gida na tambayi maigidana, Malam. Ya ce duba marar lahiya lada ne, abin da bai kamata ba ki kau da kai.

Haka na zama idonta. Bayan Azahar in ɗauki tiren tafarnuwa in tahi, ina ɓarewa ina ba ta labarin abin da ke faruwa a allo. Saratu ke karɓo mana su wurin masu tura fina-finai a waya. Tun ranar farko na kafa sharaɗi: abin da bakina ba ya iya faɗi, ba zan faɗa ba. Ta ce ta ji.

Ba ta ji ba.

Da na Indiya munka fara, mai fassarar Hausa. Magana tana ji da kanta, nawa aikin shi ne duka da gudu. Mutum guda ya bugi kasuwa sukutum, ya tashi ko rigarsa ba ta yamutse ba. Na ce lalle wanga ba ya noman albasa, da bayansa ya gaya mishi. Amma yadda yake durƙusa wa uwarsa ya burge ni, ban ɓoye ba. Sai anka shiga waƙa, ruwa yana sauka, yarinya babu ko mayafi.

Na ce, "Sista, bari in duba tukunya."

Ta ce, "Wace tukunya? Gidana ne fa, ko wuta ba a hura ba. Mi suke yi?"

Na ce, "Suna motsa jiki."

Daga ranar duk sanda na yi shiru sai ta ce, "To, an koma motsa jiki."

Na ban tsoro sau ɗaya munka gwada. Wasu Turawa sunka tare a wani tsohon gida, ƙofa tana buɗe kanta, kujera tana tahiya. Abin da ya ba ni haushi, babu wanda ya yi ko bisimilla, kuma duk inda anka ji motsi can matar gidan za ta nufa ita kaɗai. Ina ta ce mata ki koma, ki koma. Can Sista ta lura labarina ya daina daidaita da ƙarar da take ji. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta iske idona a rufe gam.

Ta ce, "Malama, ashe makafi biyu ke kallon fim ɗin nan."

Mun yi dariya har maƙwabta sunka leƙo.

Wanda na fi so shi ne na namun daji. Babu abin kunya, babu waƙa, sai ikon Allah. Na ba ta shi tsaf, ban tsallake komi ba. Na gaya mata yadda zakanya ke wuni tana farauta cikin rana, in ta kayar da nama sai namijin ya taso daga inuwa ya fara ci.

Ta ce, "Wanga ai na san shi. Ko ba a ƙauyen Boyekai yake da aure ba?"

Allah Ya yafe mana.

Namu na Hausa kuwa, ita ke ba ni labari, ba ni ba. Akwai wani na barkwanci da anka kai mace haihuwa. Na ce mata nas ta fito da jariri. Ta ce in kwatanta mata shi. Na ce to, yana zaune da kansa, kuma kamar na ga haƙora biyu. Ta buga cinya ta ce shekarunta nawa tana karɓar haihuwa ba ta taɓa karɓo ɗan yaye ba. Amma ta yaba da tsohon da ya fito a uban miji, ta ce muryarsa kaɗai ta ishe ta, irin tsofaffin Wurno ne masu faɗa suna dariya. Ni ma na ga haka. In 'yan fim ɗinmu sunka bar ƙyale-ƙyale sunka yi maganar gida, babu mai kama su.

Guda ɗaya ne munka kashe ba mu gama ba. Na ambaliya ne, ruwa ya taso yana cin gari. Ina cikin faɗin yadda wata mata ta ɗora ɗanta bisa rufin gida, sai na tsaya da labarin. Na tuna shekarar da ruwa ya ci shinkafarmu ana gab da yanka, munka koma ajin firamare da tabarmi. Sista ce ke bin aji-aji tana haɗa ruwan gishiri da suga tana ɗura wa yara.

Ta ce, "Kashe shi. Wanga mun gani da idonmu, ba sai an nuna mana ba."

Sai na ƙarshe.

Ban san ko na wace ƙasa ne ba, babu fassara, kuma maganar cikinsa ba ta da yawa. Wasu tsofaffin mata ne, ya da ƙanwa, rijiyarsu ɗaya amma sun yi shekaru ba sa ga-maciji. Kowace sai ta leƙa ta ga ɗayar ta bar bakin rijiya sannan ta fito. Fim ɗin a hankali yake tahiya, kamar ruwa a kanal ɗin ban ruwa. Duk aikin a kaina yake. Sai na faɗi yadda wagga ta ɗaura ɗankwali, yadda waccan ta ajiye guga inda 'yar'uwarta za ta same shi ba tare da ta sunkuya ba.

Sista ko gyaɗar da ke hannunta ta daina ci.

Da anka zo ƙarshe, babu wanda ya ce uffan a cikin fim ɗin. Fuska ce kawai, da hannu. Na buɗe baki in faɗa, na rasa ta inda zan kama. Sai hawaye.

Ta ce, "Mi ya faru? Motsa jiki ne kuma?"

Na ce, "A'a, Sista. Wallahi ba abin kunya ba ne. Ban iya faɗinsa ba ne. Duk yadda na faɗa zan ɓata shi."

Ana jin injin ban ruwa can bakin fadama. Sannan ta ce, "Kin ɓoye mani rawa na haƙura. Kin rufe ido a na aljanu na haƙura. Wanga kam ba zan haƙura ba. Kada ki faɗa mani. Kira mani Saratu."

Saratu ta shigo. Sista ta ce mata, "Ki kira likitan nan na Sakkwato. Ki ce na yarda."

Da can mun yi ta lallashinta da hankali, da faɗa, da kuka. Faston cocinsu ya yi magana, Malam ya yi magana. Ashe tsofaffi biyu da guga za su kai ta.

Ranar da za su tahi na raka ta bakin mota. Hannunta sanyi ƙalau. Ta matse nawa ta ce, "Ki yi mani addu'a irin taku, ni ma ina yin irin tamu." Na ce tun yaushe. Ta ce, "In ban gani ba, sai ki nemo kalmomin faɗa mani ƙarshen fim ɗin, ko za ki shekara kina nema." Na ce na ɗauka.

Ban gaya mata ba, amma tun da motar ta tashi nike neman kalmomin. Ina tankaɗe ina nema, ina koyar da mata karatu ina nema. Ban samu ba. Likita kuma ya ce ba za a san komi ba sai an kwance.

Shi ya sa da na ji kukan Saratu da safen nan, na ɗauka aikin bai yi ba.

Bayan ta natsu ta mayar da kiran na bidiyo. Ga Sista zaune bakin gado, an rufe mata idon da wani abin roba mai huji-huji, tana leƙowa ta ciki. Ta kalle ni, ta kalle ni.

Ta ce, "Malama, yaushe kika yi furfura haka?"

Na ce, "Fina-finanki ne sunka sa mani ita."

Ta ce, "Kada kowa ya goge fim ɗin nan. Kuma in na dawo, na Indiyan ma sai an maimaita, in ga motsa jikin da idona."

Na ce ranar ina da tukunya bisa wuta.

Na san wasu za su tambaye ni a ƙasa yadda fim ɗin rijiyar ya ƙare. Ku yi haƙuri. Sista tana cikin masu bin shafin nan, kuma daga yau ba sai an karanta mata ba.

Saura ido ɗaya. Sun ce sai wanga ya warke, suga kuma ya zauna, sannan a taɓa shi.

Ya Allah, Kai Ka mayar mata da hasken nan, Ka tsare mata shi. Ka sa na biyun ya zo da sauƙi kamar na farko. Ka saka wa hannuwan da sunka yi aikin da alheri. Duk mai zaune cikin duhu yana tsoron asibiti, Allah Ka sanyaya mishi zuciya, Ka haɗa shi da abin da zai tashe shi.

Ku da ta karɓi haihuwarku, da ku da ta karɓi ta ɗiyanku, daga Rabah har Goronyo, kun fi ƙarfin ƙirga. Don Allah kowa ya sa ta a addu'arsa yau. Ni zan je in share mata ɗaki, in goge gilashin talabijin. Ya yi ƙura, kuma yanzu za ta gani.