Musun da Ya Ci Ƙanena

An haife ni a wani ƙauye na masunta da manoman shinkafa tsakanin Auyo da Haɗeja, inda in damina ta yi nisa ba a shigo mana sai da kwalekwale. Ubana malami ne. Ɗalibansa ba su da yawa, amma duk mai rabon gado ko ɗaurin aure a yankinmu wurinsa yake zuwa. Cikin 'ya'yansa mu biyu muka rayu, ni da ƙanena wanda na ba shekara bakwai. Ni na goye shi. Da yake an daɗe ba a sami namiji ba, Baba ya koya mini karatu da rubutu kamar yadda zai koya wa ɗa, shi ya sa yau da tsufana nake rubuta wannan da hannuna.

Baba yana da aboki ɗaya tak, wanda kowa ke kira Goni. Babarbare ne ta wajen uwa, ya yi shekaru yana karatu a Barno, ya zo ya zauna garinmu bayan yaƙe-yaƙen da aka sha lokacin da Haɗeja ta juya wa Sakkwato baya. Kullum aka sallame la'asar sai ya zo zaurenmu ya shimfiɗa buzunsa. Ni nake kai musu fura, in koma bayan zana in zauna ina tsintar shinkafa ina saurare.

Musunsu guda ne, shekara da shekaru. A Barno Goni ya taɓa zama da wani Balarabe falke wanda ya ƙetaro hamada, a garinsu kuma yana maƙwabtaka da Yahudawa da Nasara. Shi ya ba Goni labarin abin da ke cikin tsohon littafinsu: wai an kama wani mutum yana tsintar itace ranar Asabar, aka jefe shi har ya mutu, wai ɗa in ya gagari iyayensa, su da kansu za su kai shi ƙofar gari a jefe shi. Ga kuma abin da malamai suka riga suka sani, cewa mutanen Attaura in an yi kisa ba su da diyya, sai rai a bakin rai.

"Itace fa, Malam," in ji Goni. "Mutum ya fita neman abin da matarsa za ta hura wuta. Wace zuciya ce za ta ji wannan ta ce daidai ne?"

Baba ya ce, "In Ubangiji ne ya saukar, daidai ne. In ba Shi ba ne, su suka ƙara da hannunsu, babu ruwanmu. Ba zuciyarka aka ba mudun awo ba, Goni."

"To don me aka sauƙaƙa mana? Wanda ya rage wa jaki kaya ai ya san sun yi nauyi."

"Ko kuwa ya san jakin rago ne."

Goni yakan ce tsanani aka fara saukarwa saboda horo, sannan annabin Nasara ya zo da afuwa, mu kuma aka ba mu zaɓi, don haka afuwa ita ce inda aka dosa tun farko. Baba yakan ce a'a, adalci shi ne asali, sassauci kuwa saboda rauninmu ne. Bai taɓa musa halaccin diyya ba, amma yana cewa wanda ya karɓi shanu a kan jinin ɗansa ya sayar da shi ne. Daga shi har Goni babu wanda ya taɓa ganin Bayahude ko Banasare da idonsa. Daɗin musun suke ji. In magariba ta yi su tashi su tafi masallaci tare, wani lokaci ma suna dariya.

Ɗan Goni na fari shi na aura, kuma ni na so shi. Mutum ne mai shiru, bai gaji karatun ubansa ba, gona da kwalekwale ya sani. Mun yi shekara shida tare, muka sami ɗa namiji. Yaron yana da shekara biyu abin ya faru.

Da kaka ne, ruwa ya fara janyewa daga fadama. Ƙanena ya zama masunci, ya yi shingen kara a wani ɗan reshen kogi, ya jera tarkunansa don tare kifin da ke komawa babban ruwa. Ta wannan reshe mijina yake bi da dammunan shinkafa daga gonarmu. Ya buɗe shingen ya wuce bai mayar ba, kifin kwana uku ya tafi. Ƙanena ya zo gida ya faɗa mini, na ce zan yi masa magana, na manta. Wannan mantuwa har yau tana tare da ni. Bayan kwana biyu mijina ya sake buɗewa, ƙanena kuwa yana wurin. Waɗanda suka gani sun ce maganar ba ta yi tsawo ba. Mijina ya ce kogi ba gadon kowa ba ne, ƙanena ya ɗaga filafilin tuƙi ya buge shi a gefen kai, sau ɗaya.

Da ƙafarsa ya shigo gida. Ya ce kansa na ciwo, ya sha ruwa ya kwanta. Bai ko gaya mini wanda ya buge shi ba, a bakin maƙwabta na ji. Washegari kafin azahar ya cika.

Ƙanena bai gudu ba. Da kansa ya je ya zauna a ƙofar mai gari, aka ɗaure shi aka kai shi Haɗeja. A gaban alƙali bai musa komai ba. Alƙali ya ce haƙƙin jini na ɗana ne, amma tun da ƙarami ne, kakansa Goni zai tsaya a madadinsa: in ya so a kashe, in ya so ya karɓi diyya, in ya so ya yafe don Allah. Waɗanda suka je sun ce alƙalin ya yi wa Goni nasiha sosai, ya tuna masa cewa wanda ya yi kisan kawun marayan ne, ya ce ya koma gida ya yi tunani kwana bakwai.

Da labarin ya iso garinmu, mutane suka saki jiki. Ai Goni ne. Shekara ashirin ana jinsa yana yabon afuwa.

Ina cikin takaba a gidan Goni, Inna ta zo. Ina ɗaki ina jinsu. Ta durƙusa a tsakar gida ta kira shi da duk sunan girma da ta sani, ta ce ta kawo kanta, in bauta yake so ga ta. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Tashi, baiwar Allah. Ba ke nake jira ba."

A rana ta uku na yafa zane na fita, mai takaba ko ba mai takaba ba. Na tarar da Baba a zaure shi kaɗai, littafi a buɗe a gabansa, ba karantawa yake ba.

Na ce, "Baba, kai yake jira. Ka je."

"In je in ce masa me?"

"Ka ce ya yafe. Kalma ɗaya ce."

Ya rufe littafin. Sannan ya ba ni labarin da na sani sama-sama. Shekarun baya wani Bafillace ya zo masa, an kashe masa ɗa a rikicin burtali, dangin wanda ya yi kisan sun kawo shanu suna roƙo. Mutumin ya so ya karɓa. Baba ya ce masa jini ba a sayar da shi, mutumin ya fasa, aka kashe wancan saurayin.

"A kan maganata aka kashe ɗan wata," in ji shi. "Yau in na je na roƙa wa nawa, me na zama? Ashe na san akwai ƙofa, na rufe wa ɗan wani, na buɗe wa nawa."

Na ce, "Wancan ya riga ya tafi, Baba. Mutuwar wannan ba za ta dawo da shi ba. In kuskure ka yi a can, ka ɗauki kunyarsa kai, kada ka ɗora wa yaron nan."

"Ban yi kuskure ba."

Da na ƙara magana sai ya ce in koma ɗakina, bai dace mai takaba tana yawo ba.

Na koma na sami Goni yana alwala a bakin randa. Ban taɓa yi masa magana ido da ido ba sai ran nan. Na ce, "Baba, kai ne kullum kake cewa an sauƙaƙa mana."

"An sauƙaƙa mana. Shi ya sa zaɓi yake hannuna."

"To ka zaɓa."

"Ɗana aka kashe, 'yata. Ubanki bai tako ƙofar nan ba tun ranar jana'iza. Ya zo ya tsaya nan ya faɗa da bakinsa cewa mai yafewa ba rago ba ne, ba kuma mai sayar da jinin ɗansa ba ne. In na yafe bai faɗa ba, har in mutu zai dube ni a matsayin wanda ya sayar."

"Ni fa? Mijina ne, ƙanena ne. Babu wanda ya rasa kamar ni."

Ya ce, "Shari'a ba ta tambaye ki ba." Bai faɗa da fushi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma na sani, don na karanta wurin.

Sauran kwana huɗun suka wuce. Su biyun suna salla a masallaci ɗaya, sahu ɗaya, mutum uku ko huɗu a tsakaninsu. Mai gari ya yi ƙoƙari, liman ya yi, kowa aka je wa sai ya ce wancan ya zo. Tsakanin zauren Baba da ƙofar Goni bai kai tafiyar da nake yi zuwa ɗiban ruwa ba. Shinkafarmu da ba a gama kwasowa ba tsuntsaye suka cinye ta a gona.

A rana ta bakwai da hantsi Goni ya shiga kwalekwale zuwa Haɗeja. Baba bai zo bakin ruwa ba. Ya aiko da farin ƙyalle a naɗe, ya ce a ba mai tuƙi, likkafanin ɗansa ne, kada a binne shi da na sadaka.

Kawuna, ƙanin Inna, shi ya tsaya a Haɗeja har aka gama zartar da hukuncin kisan. Ya ce ƙanena bai yi kuka ba. Wai ya tambaya ko Baba ya zo, aka ce a'a, ya gyaɗa kai. Ya ce a ba ɗana komarsa ta kamun kifi in ya girma, a kuma gaya mini bai yi nufin kisa ba. Ban buƙaci a gaya mini ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da ya biyo baya. Har daga nesa ake zuwa gaida Baba, ana cewa ga malamin da bai karkata ba ko a kan ɗan cikinsa. Goni kuma aka ce haƙƙinsa ya karɓa, ba mai zarginsa. Kowa ya fita da mutuncinsa. Inna ta tattara kayanta ta koma wurin danginta a Kafin Hausa, ba ta nemi saki ba, ba ta kuma sake kwana a gidan Baba ba har ta rasu.

Na sha zama ina tunanin waɗancan mutanen farko da aka ce ba su da zaɓi. Ban san ko dokarsu ta yi tsanani ko ba ta yi ba, wannan ya fi ƙarfin karatuna. Amma su in sun kashe suna iya cewa tilas ce. Mu kuwa babu abin da ya tilasta kowa.

Baba ya yi shekara biyar a bayan haka. Da idonsa ya yi rauni ni nake zuwa in karanta masa, in gama in tashi. Bai sake ambaton ƙanena ba, ni ma ban ambata ba. Sau ɗaya, yana cikin ciwon ajali, ya kira ni da sunan yaron, sannan ya gane ni ce, ya juya fuskarsa bango.

Goni ya fi shi daɗewa. Ban sake aure ba, na zauna a gidansa saboda ɗana, ni nake dafa masa. Wata rana na kai masa tuwo, ya ce in zauna. Ya ce ranar da zai tafi Haɗeja ya riga ya yanke a ransa zai yafe, ko Baba ya zo ko bai zo ba. Ya ce har ya zauna a kwalekwale yana waige ko zai hango shi, sai ya ga ana miƙo farin ƙyalle.

"Sai na ji kamar ya ce mini, in ka isa ka yafe," in ji shi. "Daga nan har Haɗeja ƙyallen nan yana kusa da ƙafata. Da alƙali ya tambaye ni, ban san lokacin da na amsa ba."

Yana so in ce wani abu. Ina jin yafiya yake nema, ko aƙalla in ce laifin Baba ne.

Na ce, "Tafiyar rabin yini ce, Baba. Kana da lokaci."

Na ɗauki kwanon jiya na fita. Ya yi shekara huɗu bayan wannan magana, kullum ina kai masa abinci safe da yamma, ina wanke masa tufafi, da ya kwanta ciwo ni na yi jinyarsa. Ban da sallama babu abin da ya sake shiga tsakaninmu.