Laftof ɗin Kawu Maniru da Rigarta

A gyara zama, a buɗe kunne. Ga Alhaji Maniru Mai Hoto, jikan manoman Ɗantutture, sarkin "ɗaga haɓa kaɗan", wanda rabin fuskokin Kurfi da Dutsin-Ma sun taɓa daskarewa a gaban kyamararsa. Mai ba ku labarin kuwa Yazid ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya leƙa kwalejin fasaha ya dawo gida da sunan injiniya, ba takarda.

Kawu ya fara hoto tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu. Shagonsa na bakin tasha: shuɗin labule, benci, da madubin da mata ke gyara ɗankwali. Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa ba wani hoton wani ba. Amma samari masu waya sun fara kwashe masa bukukuwa, su ɗauka yau su tura gobe. Bana sai ya sayo sabuwar laftof daga Katsina, ya karɓi aikin bidiyon bikin 'yar Hajiya Rekiya ta Kuki. Hajiya ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa ranar Juma'a dangin ango za su koma Maraɗi, in ba su tafi da bidiyon ba, bikin ƙanwar amarya na yaran waya ne. Kuma inda Hajiya ta juya, nan matan Kuki suke juyawa.

An gama biki, ya zauna haɗa bidiyon, sai laftof ta ƙi tafiya. Ka danna abu, ka fita ka yi alwala ka dawo, tana nan tana tunani. Ranar Laraba Kawu ya aiko a kira ni, ya ce in zo in nuna masa abin da na koyo kafin a koro ni. Na ce ba kora ba ce, hutu ne ya yi tsawo.

Na zauna na goge tarkacen manhajojin da aka sayar da ita da su. Na hana wasu tashi tare da ita in an kunna. Na nemi bairos, cutar kwamfuta, babu. Na zargi wutar NEPA, na zargi mai shagon Katsina, har na fara zargin kaina. Abin da na lura shi ne in an kunna ta takan yi gudu, can an jima sai ta fara ja da ciki, fankarta na kuka kamar injin markaɗe.

Na ɗaga ta in duba ƙasanta, na kusa yar da ita don zafi. Ashe Kawu bai ɓare ledar da ta zo da ita ba. A kan ledar kuma ya sa Sa'idu Tela ya ɗinka mata riga ta karan-miski mai rufe baya da ƙasa, har da aiki a gefe. Sannan ya ɗora ta bisa matashi, wai abu mai ɗauke da ilimi ba a aje shi kan katako tsirara. Duk ƙofofin da take shan iska a toshe suke.

Na yi masa bayani cewa in ta ji zafi rage gudu take don kada ta ƙone. A kan cire rigar bai yi gardama ba. Ledar ce ya dafe da hannu.

"In ka ɓare wagga leda, wa zai san sabuwa ce? Gobe Almu mai shayi ya ce ta hannu na sayo."

"Kawu, ko leda ko Hajiya Rekiya. Zaɓi ɗaya."

Ya kalli ledar, sannan ya janye hannu ya juya fuska wajen labule, kamar mai jiran allura. Na ɓare, na jera murafan kwalbar lemo a kan tebur na ɗora ta don iska ta ratsa. Kukan ya lafa. Kafin la'asar ta Alhamis bidiyo ya fito, direban Hajiya ya zo ya karɓa, da saƙon cewa Kawu ya riƙe ranar bikin ƙanwar.

Na miƙe na gyara hula, na ce daga yau a ƙara sunana a allon shago, Injiniya Yazid, likitan kwamfuta. Kawu bai ko ɗago daga goge kyamara ba.

"Iska ta yi aikin. Kai leda ka ɓare. Matsa, ka tare mini haske."