Cinyar Barewar da Baba Bai Ci Ba

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, a hutun zango na biyu, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare. Hantsi bai gama ɗagawa ba, ina durƙushe a gindin darbejiyar tsakar gidanmu na Argungu ina ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, sai ga Kawu Arzika, ƙanin mahaifiyata, ya yi sallama ya shigo da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya sa aka kawo tire ya warware. Cinyar barewa ce guda, ja har tana yin duhu, ko ɗigon kitse babu a jikinta. Kwanansu biyu a dajin bayan Augie shi da abokan farautarsa, kuma ya ce shi da hannunsa ya yanka ta tun tana da rai, kada kowa ya yi shakka. Kasonsa ke nan ya ɗauko ya kawo wa Baba dubiya.

Aka yi godiya, amma ba wanda ya yi murna, domin Kawu ya manta abin da mu ba mu manta ba. Wata uku kafin nan babur ya kayar da Baba a hanyar fadama. Haƙoransa na gaba huɗu suka zube, turamen ciki suka girgiɗe, muƙamuƙinsa ya tsage. Tun daga ranar abincinsa kunu ne da koko da fura mai ruwa, sai tuwon shinkafa da ake damawa da miya har ya zama kamar na jinjiri. Ga shi Baba mutum ne mai son nama, wanda ko tsire ya sayo mana sai ya ware wa kansa mai guringuntsi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idan Inna, mahaifiyata, tana suyar kifi sai ya ɗauki buzunsa ya koma zaure, wai ya fi iska. A ranar ma ya sa yatsa ya taɓa naman, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a dafa wa yara.

Nan na buɗe baki na ce ni na san yadda za a yi Baba ya ci. A zangon da ya wuce malamarmu ta girki, Malama Rifkatu, mutuniyar Filato, ta koya mana wani abinci da ta kira baga. Ɗanyen nama ake dakawa lukui, a haɗa da albasa da ƙwai da ɗan kitse, a mulmula a baje shi kamar waina, a gasa a kasko da mai kaɗan, a sa tsakanin burodi. Muna da yawa a ajin, abin da kowa ta samu bai wuce kan babban yatsa ba, amma na tuna sarai da harshe na murƙushe nawa, haƙori bai yi aiki ba. Iya, kakata mahaifiyar Baba, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce yau za ta ga boko a cikin tukunya. Inna ta harare ni don in yi shiru. Baba kuwa ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Ku bar wa Luba." Ba zan manta yadda idonsa ya yi haske ba. Da ma bai yi ba.

Rigimar farko a kan mahaɗi aka yi ta. A gidanmu ba a ajiye wa mutum nama shi kaɗai a ce ya ci abinci. Iya takan ce, "Nama rakiya yake yi, ba shi ne mai tafiyar ba." Don haka ta yanke cewa tuwon shinkafa za a tuƙa da miyar kuka, a ɗora abin nawa a gefe. Inna ta ce a'a, ya gaji da tuwo, a yi masa dafa-duka mai laushi da alayyahu. Ni kuwa na ruga ɗaki na ɗauko littafina na makaranta na buɗe musu shafin, inda na rubuta da jan biro: soyayyen dankalin turawa, latas, tumatir. Inna ta tambaye ni da wane haƙorin zai tauna latas. Na ce zan yanka ƙanana. Ta ce ga dankalin Hausa nan ana sayarwa a ƙofar maƙwabta, a dafa a murje masa da man shanu. Na ce ba shi Malama ta ce ba. A lokacin gani nake idan na canja abu ɗaya daga abin da ke rubuce, duk girkin ya rushe.

Na zare tsokar daga jikin ƙashi, na zuba a kwano, na rufe da faifai, na kai ɗakin girki. Na gaya wa Inna kada kowa ya taɓa, ɗanye nake son sa. Iya ta riga ta shiga ɗaki sallar walha, ban jira ta idar ba, na zari hijabi na fita. Ban san Inna ma tana da barkar haihuwa a unguwar gaba ba.

Yawon da na yi a ranar, har yau idan na tuna sai ƙafafuna su yi mini nauyi. Ba ranar kasuwa ba ce. Mai kayan miya na bakin titi ya ce dankalin turawa sai tasha, inda motocin Birnin Kebbi ke sauke kaya. Na taka har tasha, na tarar da wani ɗan tsibi duk ya yi tsiro ya yi kore, mai shi da kansa ya ce ba zai ba 'yar mutane wannan ba, in jira motar rana. Kafin ta zo na gangara lambun bakin gulbi neman latas, na iske zafi ya sa ya yi kara ya yi fure, na ɗanɗana ganye ɗaya, ɗaci kamar maɗaci. Na biya wurin mahauci neman kitsen rago, ya tsaya yana yi mini ba'a wai shekararsa talatin da wuƙa bai taɓa ganin wanda ya zo sayen abin da ake zubarwa ba. Burodi mai da'ira babu shi a garin, na ɗauki dogo. Na koma tasha na zauna a kan benci ina ƙirga motoci da ido, rana na dukan tsakar kaina. A nan kiran azahar ya same ni. Motar ta zo da siminti da buhunan gishiri. A ƙarshe dankalin Hausan nan da na wuce ina ɗaga hanci, shi na saya, a ƙofar maƙwabtanmu.

Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni, na citta da kanumfari da masoro. Na shiga na iske Iya zaune a kan kujerar tsugunne tana gyara itace, tukunya na ɓararraka, fuskarta cike da murnar wadda ta yi abin kirki.

Na ce, "Iya, mi kinka yi?"

Ta ce, "Na tafasa miki shi. Kin tahi tun hantsi, ƙudaje sun gane hanyar faifai, wanga zafi kuwa ba ya jiran 'yar boko. Ya yi laushi, sai ki daka abinki."

Na ce ai ɗanye ake dakawa. Ta saki itacen ta dube ni. "Ɗanye? A turmin da nike dakan hura?" Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an sarrafa nama ba a fara tafasa shi ba, balle naman daji mai ƙarni. Gaskiyarta ce, haka ake yi a kowane gida da na sani, kuma da ta bar shi har wannan lokacin wataƙila da ya fara wari. Amma ni ban ji ko ɗaya ba. Na yi jifa da ledar dankali, na ɗaga murya na ce ta ɓata mini komai, wa ya sa ta. Ban taɓa yi wa babba haka ba. Iya ta janye itacen daga murhu, ta yayyafa masa ruwa, ta dafa gwiwa ta tashi ta shige ɗakinta.

Na tsame naman na daka ina kuka. Dafaffen nama ba ya haɗuwa, wannan a ranar na sani. Yadda na ƙara dakawa haka yake ƙara warwarewa zare-zare, irin na dambu. Na fasa ƙwai biyu na zuba, na yanka kitsen ƙanana na cuɗa, na mulmula, ina ɗorawa a kasko sai ya tarwatse. Na ƙara fulawa, ya tarwatse. Na ƙara wata, sai ya tsaya, amma bayansa ya ƙone ƙurmus, cikinsa kuma kamar an tattara igiya an ɗaure. Hayaƙi ya cika mini ido, mai ya fallatsar mini a hannu, kaji suna zagaye ni suna tsintar abin da ya zube. Cikin tara da na yi, uku ne suka fito da siffa. Inna ta dawo ta tsaya a kaina, ta dubi kaskon, ta dubi ƙofar Iya a rufe. Ta ɗauki wuƙa ta fere dankalin. Muka dafa shi ya yi luguf, na murje da man shanu da ɗan gishiri, na soya albasa a wuta kaɗan har ta narke, na ɓare bawon tumatir na dafa. Burodin kuwa da bakin kofin silba na yanka shi ya yi da'ira.

Bayan la'asar na kai wa Baba a zaure na durƙusa gefe. Ya yi bisimilla, ya gutsuri kaɗan da yatsu, ya tura ta gefen hagu inda ya fi dama. Ina kallon muƙamuƙinsa yana motsi a hankali. Sau uku ya tauna ya tsaya. Zaren naman ya shige tsakanin haƙoran da ke girgiɗi. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya mini baya ya cire da yatsa, ya dunƙule a tafin hannu don kada in gani, amma na ga jan jini a gefen yatsan. Bai sake kai hannu wurin naman ba. Ya cinye dankalin tas, ya shafe albasar, sannan ya riƙa tsoma burodin a cikin ɗan kwanon romo da Inna ta kawo, wanda Iya ce ta ce a ɗibar masa daga tukunyarta.

Da ya gama ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Luba. Dankalin ga ya yi daɗi." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina tattara kwanuka ya ƙara da cewa, a hankali, in je in ba uwarsa haƙuri. Ashe duk abin da na faɗa ya ji.

Na iske Iya a bakin gado tana jan carbi. Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta ɗora mini hannu a ka ta ce ta yafe duniya da lahira. Har na tashi zan fita ta ce, "Da kin gaya mini, da na zauna da mahuci ina kore miki ƙuda har ki dawo. Ɗana ne fa." Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai. Taku biyar ne tsakanin ɗakin girki da ƙofarta, na kasa jiran ta sallame, na tafi na zagaye gari saboda shafin littafi.

Ƙannena suka cinye sauran suna tsokanata, suka sa wa abin suna da ba zan rubuta a nan ba. Kawu Arzika bai ƙara kawo barewa ba. Dajin ya yi ta zama gonaki, shi ma gwiwa ta hana shi tafiya mai nisa. Bakin Baba ya warke amma turamen duk sai da aka cire su. Bayan na yi aure na dawo Birnin Kebbi, na iya girkin sosai, kuma na yi masa da naman sa sau da yawa idan ya zo ganin likita. Yakan ci ya sa albarka, wani lokacin ya ce naman gida dai naman gida ne, bai kai na daji ba.

Yanzu a gidana na unguwar Badariya ina da firji da injin niƙa nama, dankalin turawa kuwa ko a bakin layinmu akwai shi rani da damina. Ran Juma'a idan na ce zan yi baga, yarana sukan cika mini kicin da gardama, wannan ta ce kabeji da karas, wancan ya ce soyayyen dankali kawai, ƙaramar ta ce ita ba ta son albasa. Nakan ji raina ya soma ɓaci fiye da yadda abin ya kai, su kuma ba su san dalili ba. Sai in yi istigfari in ce kowa ya faɗi nasa, amma ba wanda zai fita sayen komai sai na gama da naman. Iya ta rasu, Baba ma ya bi ta shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya jiƙansu ya haskaka makwancinsu. Kayan aiki duk sun samu, mai cin ne babu.