Mutumin da Ake Yin Shiru Idan Ya Shigo

Kawuna, yayan mahaifiyata, da ɗaukar bidiyon biki ya fara neman abinci. Mama ta ce a lokacin ba a zama kusa da shi ba a yi dariya ba. A wani biki ne kyamararsa ta kama wani hannu yana zare sarƙa daga wuyan wata yarinya. Shi kansa bai lura ba, sai da dangi suka cika falo ana kallon kaset, aka ga ashe ƙanin ango ne. Daga nan aka daina kiransa biki. Wani gidan talabijin ya ji labarin, ya ɗauke shi ya riƙa yi musu fim ɗin gaskiya a kan laifuka, kuma a wannan aikin gashinsa ya yi fari.

Shugabanninsa jini da ankwa suke so, shi kuwa hankalinsa yana kan waɗanda abin ya bari a baya: matar da har yanzu take wanke rigunan mijinta da aka kashe, mai shagon da tun da aka yi masa fashi ba ya iya juya wa ƙofa baya. Sai ya kafa kyamara, ya zauna gefe, ya yi gum. Mutane su yi ta amayar da abin da ko 'yan'uwansu ba su gaya wa ba. Amma da sun share hawaye, ba sa son sake ganinsa. In sun hango shi a titi sai su tsallaka ɗaya gefen.

Dangin masu laifi sun tsane shi, 'yan sanda suna ganinsa mai shisshigi, maƙwabta kuma sun ɗauka ɗan rahoto ne. Idan ya shiga shagon aski hira takan mutu. Mai askin yakan ce a gyara zama ga kotu ta iso, a yi 'yar dariya, daga nan sai ƙarar injin aski kawai.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ta taɓa gaya wa Mama cewa kunnen Kawu a waje yake cika, in ya dawo gida babu sauran wurin da maganarta za ta shiga. Da 'yarsu ta haihu a wani gari ta tafi taya ta reno, ba ta dawo ba. Ba faɗa, ba saki. Suna gaisawa a waya. Shi kuma ya koma wani ɗaki a saman kantin magani: gado, tebur mai kwamfuta biyu, da labule mai kauri don kada rana ta bugi allo. Can yake yini da abin saurare a kunne, yana maimaita kukan mutane har ya sami inda zai yanke.

Fim ɗinsa da ya fi suna a kan wata tsohuwa ne, mai ɗinkin hannu, wadda ɗanta ya kashe wani direban tasi aka yi masa ɗaurin rai da rai. Tun daga lokacin ba wanda ya ƙara kai mata ɗinki, ko gaisuwa. Kawu ya yi ta sintiri gidanta tana korarsa. Daga baya ta yarda, da sharaɗin ba zai nuna fuskarta ba. Sai ya ɗauki hannuwanta suna lalubar ramin allura, muryarta tana ba da labarin yadda ɗan yake tsoron kaji yana ƙarami. Fim ɗin ya ci kyauta a ƙasar waje. Ya je ya karɓo kyautar, wani gilashi mai nauyi, ya dawo ya hau tasi shi kaɗai, ya tokare tagar ɗakinsa da shi.

Tsohuwar ba ta taɓa kallon fim ɗin ba, amma ita kaɗai ce ba ta guje shi ba bayan ta yi kuka a gabansa. Ya ci gaba da zuwa, ba kyamara. Yakan zura mata zare a allura, ya kai ta gidan yari a tsohuwar motarsa ya jira a waje. Wata rana da hantsi suna zaune a ƙofar ɗakinta ta ɗago ta dube shi.

"Ɗan nan, kowa ya gaya maka nasa. Kai wa kake gaya wa naka?"

"Ni ba ni da labari, Inna."

"To zauna ka yi shirun. Ni ma na iya saurare."

Kawu ya ce mini bai gaya mata komai ba, amma ranar har rana ta karkata bai tashi ba.

Da ta rasu, waɗanda suka raka ta ba su cika mota ɗaya ba. Ba wanda ya yarda ya kai wa ɗanta labarin, sai Kawu. Ranar ce ya fara ƙetare ƙofar da ya saba jira a bakinta. Ɗan ya saurara, ya sunkuyar da kai, can ya tambaya ko ta sha wahala. Kawu ya ce a'a, cikin barci ta tafi.

Yanzu ya bar aiki. Idanunsa sun yi rauni, gidan talabijin kuma gajerun bidiyo na waya suke so. Motar ma ya sayar. Amma duk wata yakan hau bas da sabulu da man shafawa a leda, ya bi layin masu ziyara a gidan yari, wurin ɗan tsohuwar. Su biyun ba su cika magana ba, sukan zauna ne har a ce lokaci ya yi. Kwanaki wani sabon gandiroba ya tare shi a ƙofa, ya tambaye shi mene ne haɗinsa da fursunan, uba ne ko kawu. Ya daɗe yana tunani, mutanen bayansa har sun fara tsaki, sannan ya ce, "Sabo ne kawai." Gandiroban ya duba ledar, ya matsa masa ya wuce.