Telan da Ya Ƙi Gyara Gemunsa

Kullum da safe, kafin a buɗe ƙofar makarantarmu ta koyon aikin fim, Baba Tela ya riga ya share gaban shagonsa da ke tsallaken titi. Zai ɗiga wa keken ɗinkinsa mai, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya zauna. Ba a jimawa sai ka ga ɗalibi ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Baba, ina kwana? Dama wani ɗan fim ne muke..."

"To, yau kuma ciwon me zai kashe ni?"

Ɗalibi ba shi da ɗan wasa sai abokansa, su kuwa duk yara ne. Labarinsa yana buƙatar uba, kuma mu ɗalibai ba mu iya rubuta uba ba sai mun kashe shi. Haka Baba ya yi shekara da shekaru yana mutuwa a finafinanmu, kyauta, har aka laƙaba masa Marigayi. Mai ɗakinsa, da muke kira Mama, ta tsani sunan nan. "Ku ba ku da tsofaffi a gidajenku ne," in ji ta, "sai nawa?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekararmu ta ƙarshe. Auta, ƙaramar ajinmu, ita ce darakta, ni ke riƙe sandar makirfo. Fim ɗin shi ne jarrabawarta ta fita. In bai kammala ba, sai ta maimaita shekara. Baba ya fito a matsayin majinyaci, don haka ta roƙe shi ya bar gemu da suma su yi buzu-buzu. Mun ɗauki rabi ke nan aka aiko a mayar da kyamara, wai za a ɗauki jawabin manya a wani taro. Ita kaɗai ce kyamara mai lafiya a duk sashen. Taro ya watse, aka kulle ta a ofis, mai makullin ya tafi kwas. Muka yi ta sintiri daga wannan ƙofa zuwa waccan, amsar ɗaya ce: "Ku yi haƙuri, haka tsarin yake." Wane tsari? Makarantar fim da kyamararta ke barci a kabad, ɗalibai na gararamba a baranda, ba wanda ya ji kunya!

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai a ƙarasa daga baya. Amma a fim, mutum ba zai taka ƙofa da gemu buzu-buzu ya shigo ɗaki da gyararre ba. In kamannin Baba suka canza, rabin da muka ɗauka ya tashi a banza, lokacin sake farawa kuwa babu. Auta ta je shagon, ta gaya masa halin da ake ciki, sai hawaye.

"Ke, share fuskarki," ya ce. "Gemun nawa ne ko na wani? Yana nan yana jiranki."

Ya kuwa jira, kusan zangon karatu guda. Maƙwabta suka riƙa zuwa dubiya. Wata mai kawo ɗinki ta kwashe yadinta, ta ce ba za ta wahalar da mara lafiya ba. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Da gashin ya fara wuce yadda yake a fim, Baba ya karɓi wayar Auta ya shiga wurin mai askin da ke kusa da shi, ya nuna masa hoto, ya ce a mayar da shi haka.

"Malam Tela," in ji mai aski, "tun ina yaro nake sana'ar nan, ban taɓa yi wa mutum askin lalacewa ba sai kai."

Kyamara ta fito ana saura ƙiris a rufe karɓar aiki. Muka ƙarasa a gurguje. Ranar da malamai suka kalli fim ɗin, ba wanda ya lura akwai watanni tsakanin shigowar tsohon da kwanciyarsa. Auta ta fita tare da mu.

Yanzu ido ya ƙi, zare ba ya shiga allura, Baba zai rufe shago ƙarshen watan nan ya koma wurin ɗansa.

Baba, kai ne malamin da ba ya cikin jerin malamai. Ba ka taɓa shiga aji ba, amma a wurinka muka ga yadda ake ɗaukar aikin yaro da daraja. Ka yarda a yi maka kallon majinyaci a unguwarku don kada 'yar wani ta rasa shekara. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ba Mama ladan haƙuri da mu.

Saura mu. Tsofaffin ɗalibai, in ƙannenmu suka buga waya suna neman mai riƙe fitila, mu je. Ku kuma da makullin kabad ke aljihunku, ku buɗe. Bana ma akwai 'yan ajin ƙarshe, kuma in suka tsallaka titi, shagon a rufe za su same shi.