Ƙafafun Gaban Motar Baban Yara

Shekarar da muka bar gidan haya a Silver Spring muka koma namu na kanmu a Bowie, ni ɗakin girki ya burge, shi kuwa Baban yara gareji. Injiniya ne, aikinsa kula da na'urorin sanyaya manyan gine-gine a cikin Washington, amma tun muna Zariya hankalinsa na kan mota. Ba mu gama kwance kwalaye ba, wata Asabar sai ga babbar mota ta sauke mana wani gwangwani a ƙofar gida. Tsohuwar mota ce ta zamanin da, ba inji, ba kujeru, tsatsa ta cinye ƙasanta. Na fito da ludayi a hannu na tsaya ina kallo. Ya ce motar tsere zai mayar da ita.

Shi ya yi mini bayanin irin tseren. Ba zagaye fili ake yi ba. Motoci biyu ne ke jerawa a kan wani miƙaƙƙen titi gajere, fitila ta kama, su fizga, kafin mai kallo ya gyara zama an gama. Shi irin na mutanen dauri yake so, yadda yake gani a tsofaffin hotuna: ƙafafun baya manya masu faɗi, na gaba kuwa sirara masu wayoyi kamar na keke.

Ya ɗauki shekaru yana haɗa ta. Maƙwabcinmu, wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ne abokin aikinsa. Tare suka ɗora inji, suka yi walda, suka shafa mata fenti ja mai duhu. Ranar da suka fara tayar da injin sai da kofuna suka yi rawa a kabad, matar gidan da ke kallonmu ta leƙo ta taga. Komai ya kammala in ban da ƙafafun gaba. Gaban motar na ɗore a kan ƙarafan tokara, kamar rago ya durƙusa.

Sababbi akwai su, ana ƙera wa mai so, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da Baban yara zai iya kashewa a kan sha'awa. A lokacin babbar 'yarmu tana jami'a, ga kuɗin gida duk wata, ga 'yan'uwa a Zariya. Ya ce ba zai cire daga bakin kowa ya sa wa mota ba, zai jira tsofaffi masu sauƙi. Bayan sallar asuba zai zauna da waya yana duba shafukan masu sayar da tsofaffin kayan mota. Ya je kasuwannin da ake bajewa a fili a Virginia, ya dawo da laka a takalmi ba komai a hannu. Ya taɓa sayo na babur, ya auna ya ga cibiyarsu ba ta shiga, ya mayar. Wasu kuma da ya samu sun lanƙwashe, ya ce ba zai ɗora ransa a kansu ba. Abokansa 'yan gida da muke haɗuwa da su a masallaci ranar Juma'a suka mayar da abin tsokana. Wani likita ɗan Katsina in ya gaishe shi sai ya ƙara da, ya jikin mai ƙafa biyu? Shi ma dariya yake yi.

Ana cikin haka ya fara rama. Da farko mun ɗauka gyambon ciki ne, don abinci ba ya zauna masa. Da aka yi hoto aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yaɗu zuwa hanta. Aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin nan mai galabaitar da mutum. Ya bar zuwa aiki. A gida ba ya yarda a yi maganar ciwon, ko da ni. In yara sun tambaya sai ya ce da sauƙi, su amsa masa da Turanci, ya ce su faɗa da Hausa, su yi dariya, magana ta wuce.

Wata safiya a ƙarshen kaka ya shigo ɗakin girki da waya a hannu, fuskarsa ta yi hasken da na daɗe ban gani ba. Ya samu. Wani mutum a ƙauyen Pennsylvania yana da guda biyu, daidai awon da yake nema, kuma farashin da ya sa mai sauƙi ne. Na ce a aiko su mana. Ya ce sai ya gani da idonsa. Ba ya iya doguwar tafiya a sitiyari, don haka ni na tuƙa. Na zuba masa kunun gyaɗa a filas, ya sha kaɗan. Duk hanya yana magana, yana ba ni labarin yadda ya koyi ɗaure wayoyin keke a rumfar kawunsa a Tudun Wada.

Mai kayan wani tsohon Bature ne, dogo, ya ranƙwafa. Ya kai mu wata rumfar katako a bayan gidansa, ya sauko da ƙafafun daga jikin ƙusa. Sun yi tsatsa, wasu wayoyin sun karye, amma da'irar ƙarfen lafiya lau. Ya ce da su ya yi tsere yana saurayi. Baban yara ya durƙusa yana shafa su, yana juyawa, yana kai ido kusa. Da zai miƙe sai ƙafarsa ta gaza, na kama shi. Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ga yadda rigar sanyi ta yi masa yawa, ya ga hular da ke rufe kan da gashi ya zube. Sai ya ce mu ba da rabin kuɗin kawai, ya isa.

Na zaci zai yi murna, mutumin da ya shekara da shekaru yana neman sauƙi. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya gode wa tsohon cikin ladabi, ya ce abin da aka rubuta shi zai biya. Tsohon ya nace, shi ma ya nace, ya biya cif.

Muka kama hanyar dawowa. Ƙafafun na kujerar baya suna ƙara in mun hau gargada. Sai da muka shigo jiharmu ta Maryland ya yi magana, yana kallon waje.

"Hajiya, ashe har ya kai a gani a jikina."

Na ce tsohon kirki kawai ya yi.

"Kirki ya yi," in ji shi. "Amma ya gani. Ke ma kin gani tuntuni, kin yi shiru ne."

Na ratse gefen titi na tsaya, don ba na ganin gabana. A nan cikin mota muka yi maganar da muka yi watanni muna kauce mata: inda yake so a binne shi, abin da za a gaya wa mahaifiyarsa, karatun ƙaramin ɗanmu. Ya yi maganar a natse, ni ce mai kuka.

Ya sayi sababbin wayoyi. Da yake sanyi ya shigo, gareji ba ya zaunuwa, sai na shimfiɗa masa tsohon bargo a falo ya kawo aikin nan. Ya goge tsatsar, ya fara zura wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana gicciya su, yana ɗaurewa kaɗan kaɗan. Zai juya ƙafar ya sa ido ya ga inda ta karkace, ya sassauta nan ya ƙara can. In hannunsa ya gaji sai in riƙe masa. Wani lokaci barci ya ɗauke shi da ƙarfen ɗaurin a hannu. Ya gama ta farko, maƙwabcinmu ya zo ya juya ta ya ce ko daga masana'anta sai haka. Ta biyu ya kai rabi aka kwantar da shi asibiti, bai dawo gida ba. Ya rasu ana saura kwanaki kaɗan azumi.

Jama'a sun zo daga Silver Spring da Takoma Park har da Baltimore. Mata suka cika ɗakin girki da tukwane, maza suka yi sahu a falo. Wani ya ɗauke ƙafar da ba a gama ba ya jingina ta bayan kujera don a samu wurin zama. Likitan nan ɗan Katsina ya leƙa gareji, ya daɗe a ciki, ya fito idonsa ja.

Da na fita takaba maƙwabcinmu ya zo ya tambaye ni abin da nake so a yi da motar. Yaran ba mai sha'awar tsere a cikinsu, ni kuma ba zan iya kallonta kullum ba. Ya kai ƙafar wurin masu gyaran babur suka ƙarasa ɗaurin, ya sa tayoyi, ya ɗaura su, ya sauke motar daga kan ƙarafan. Ya kira ni in gani. Ta yi kyau ƙwarai. Na tsaya daga bakin ƙofa, ban shiga ba.

Wani mutum daga Virginia ya saye ta. Da bazara ta yi ya turo wa maƙwabcin ɗan gajeren bidiyo daga filin tsere, shi kuma ya kawo mini. Muka kalla a tsaye a ƙofar gida. Hayaƙi, ƙara, sai wani jan abu ya wuce. Dattijon ya sake kunnawa, ya tambaye ni ko ya tura mini a wayata. Na ce ya tura wa yara. Ya ce to, ya sa wayar a aljihu, ya tsallaka zuwa gidansa a hankali.